Asalin Kwaɗo Mai Lema

Manajan gidan rediyo da talabijin ɗin mutum ne da dabara ke faɗo masa a banɗaki, ya fito da ita hannu a jiƙe ya ɗora wa duk wanda ya fara cin karo da shi. Ran nan tsautsayi ya faɗa kan Anti. Tana tsaye a lungun da ake dafa shayi tana neman cokali, sai ga shi yana yarfe hannu.

"Yawwa, Anti, dama ke nake nema. Kin tuna Kwaɗo Mai Lema?"

Anti ita ce mai shirya filin yara na safiyar Asabar, shi ya sa kowa a ma'aikatar, har masu furfura, da Anti suke kiranta. Ta kuwa tuna. Wa zai manta? Katun ne da ake sakawa a talabijin tun suna yara, dab da labaran yamma: wani kwaɗo mai tumbi da faffaɗan baki, wanda babu abin da yake tsoro a duniya kamar ruwan sama. Da ya hango hadari sai ya buɗe lema ya ruga, lemar ta maƙale a ƙofa, ko iska ta ɗaga shi sama ta jefa shi tsakiyar tafki. Ba ya magana, sai kiɗa, da wani kuka da yake yi kamar an danna hon ɗin keke.

"Na tuna, yallaɓai."

"To shiri nake so a kan tarihinsa. Wa ya zana shi, a ina, me ya sa kwaɗo zai riƙa gudun ruwa. Amma fa bincike nake so mai hujja, ba ji-ta-ji-ta ba."

"Yallaɓai, filin yara ne fa. Yaran yanzu ko sunansa ba su taɓa ji ba."

"Yara ne ke sayen batir?" in ji shi. "Iyayensu ke riƙe da rediyon." Ya goge hannu a labulen taga ya wuce abinsa.

Anti ta koma teburinta ta kunna kwamfutar ofis, wadda sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa. Ba ta zaci za ta samu komai ba, amma tana rubuta sunan katun ɗin sai ga shafuka reras. Ta buɗe na farko, wani babban shafi da kowa ke iya shiga ya rubuta abin da ya sani. A nan ta karanta cewa wani mai zane ne a wata ƙasa mai sanyi ya ƙirƙiro kwaɗon, kuma surukarsa ya kalla ya zana: wata tsohuwa mai faɗin baki wadda ba ta rabuwa da lema ko a cikin ɗaki, da ita take nuna mutane, da ita take korar kyanwa.

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta buɗe shafi na gaba, labarin suruka. Na bayansa ma haka. Har da bidiyon wani saurayi mai gemu, zaune gaban tarin littattafai, yana ba da labarin da murya mai nauyi kamar ya zo ta'aziyya.

Sai dai wani abu ya tsaya mata a rai. Duk shafukan da kalmomi iri ɗaya suka ba da labarin, har da kuskure iri ɗaya. Wani ya rubuta "lemo" a madadin "lema", waɗanda suka kwafa daga wurinsa kuwa duk suka bi shi, suka ce tsohuwar ba ta rabuwa da lemo. Wani mai himma ma ya ƙara da cewa lemon zaƙi ne, kuma da kanta take ɓarewa.

Tsohon editan da ya koya wa Anti aiki yakan ce in an kawo mata labari ta tambayi wa ya faɗa, shi kuma a ina ya ji. Don haka ta bi sawu. Babban shafin ya ce ya samo daga dandalin wasu masoya katun. Masoyan suka ce daga wata mujalla. Mujallar ta ce daga kundin kammala karatu na wani ɗalibi. Da ƙyar ta samo kundin, ta yi ta gangarawa har ta iso wurin. Ga abin da ɗalibin ya rubuta: wani dattijo, tsohon ma'aikacin kamfanin, shi ne ya bayyana haka da bakinsa a shirin kiran waya na wani gidan rediyo. Ya kuma ambaci gidan rediyon.

Nasu ne.

Da yamma, suna cin abinci, ta ba mijinta labari. Mijin Anti likitan haƙori ne. Yini guda yana magana da mutanen da bakinsu ke cike da auduga, don haka ya saba ya faɗi magana ba a musa masa ba.

"Kwaɗo Mai Lema!" ya ce yana murmushi. "Wannan shuɗin."

"Kore dai."

"Shuɗi ne, uwar yara. Kamar yanzu nake ganinsa. Sai in ya yi tsalle ne yake komawa kore."

"A'a, ka juya zancen. Kore ne, in iska ta ɗaga shi sama ya koma shuɗi. Ina ka taɓa ganin shuɗin kwaɗo?"

"Ina kika taɓa ganin kwaɗo da lema?"

Musu ya yi musu har abinci ya huce. Likita ya dafa ƙirji ya ce idonsa ne shaida, shi da yake hango rami a haƙorin da mai shi bai san da shi ba. Anti ta ce ita ma ba a bayan kai nata idon yake ba. Daga ƙarshe ta kira yayarta a waya, ta sa a lasifika.

"Yaya, don Allah raba mu. Kwaɗon nan na talabijin, wane launi ne?"

Yayar ta fashe da dariya. "Ku biyu da girmanku? Wane launi kuma? Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce. Kin manta ledar nan da Baba ya sayo ya liƙa a gilashin, sama shuɗi, ƙasa kore, wai don a ga sama da ciyawa? Ai har mai karanta labarai ma goshinsa shuɗi ne, haɓarsa kore."

Anti ta riƙe baki. Ta tuna ledar sarai, har da kumfar iskar da ta maƙale a kusurwarta. Ta juya ta dubi Likita, wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali.

"Ku ma kuna da ledar?"

"Muna da ita."

"To yaya aka yi naku ya zama shuɗi a ƙasa?"

Ya yi gyaran murya. "Mahaifina ne ya liƙa ta. Da aka ce masa a kife take, sai ya ce haka ake yayi."

Washegari Anti ta sauka ɗakin ajiya, can ƙasan bene, inda rediyo da talabijin ke zuba tsoffin kasakasansu. Mai kula da ɗakin, wanda ake kira Makulli saboda tarin makullan da ke ƙara a ƙugunsa, ƙura ba ta yi masa daɗi, amma ya ƙi a canza masa wurin aiki domin nan ne kaɗai Manaja ba ya saukowa. Magana ɗaya, atishawa ɗaya.

"Kwaɗo, atsha, Mai Lema? Akwai shi. Na gan shi, ko bara ko bariya."

Suka yi ta ɗaga kwalaye. Sun sami kaset ɗin wasan ƙwallo a kwalin wa'azi, sun sami takalmi ƙafa ɗaya, sun sami gidan ɓera da iyalinsa a ciki. Can ƙasan wata kanta Makulli ya zaro wani ƙaton kaset mai hoton lema a jiki. Ya hure shi, ya yi atishawar da sai da ya dafa bango, sannan ya tura shi cikin injin.

Hoto ya fito. Wani mutum ne mai gashin baki, sanye da gajeren wando, yana ɗaga ƙafa yana cewa masu kallo su bi shi.

"Wannan ne kwaɗon?" in ji Makulli.

"Wannan mai motsa jiki ne. An naɗi wani shirin a kan katun ɗin."

Suka tura gaba. Mutumin ya yi tsalle, ya durƙusa, ya kwanta, ya yi gumi, ya yi sallama da masu kallo. Hoton ya yi ƙyaf-ƙyaf, sai ga shi nan: Kwaɗo Mai Lema da kansa, a jiƙe sharkaf, yana naɗe lemarsa. Anti ta tafa don murna. Sai dai ba kore ba ne, ba kuma shuɗi ba. Ruwan hoda ne.

"Ruwan hoda!" ta ce. "Ashe duk mun faɗi."

"Kar ki yi saurin rubutawa," in ji Makulli yana share hanci. "Mai gajeren wandon ma ai ruwan hoda ne, har gashin bakinsa. Duk kasakasan kantar nan haka suka koma, tana jikin bututun ruwan zafi."

Rubutu ya hau kan allon, da wasu haruffa da babu wanda ya iya karantawa a cikinsu. Anti ta yi maza ta tsayar da hoton, ta ɗauka da wayarta, ta ba manhajar fassara. Ta ƙura wa wayar ido tana jiran sunan mai zanen. Wayar ta yi ɗan tunani, ta ce: "Ƙarshe."

Ta saki kaset ɗin ya ci gaba, ko sunaye za su biyo baya. Injin ya yi wata ƙara kamar akuya ta samu takarda, ya shiga tauna zaren kaset ɗin. Kafin Makulli ya zare wayar wuta daga bango, sauran tarihin ya zama taliya.

"To," in ji Anti, bayan ta gama kallon ɓarnar, "saura na rediyon. Shirin kiran waya, wanda aka yi hirar tsoffin katun."

Wannan bai ba su wahala ba. Makulli ya sa shi a ƙaramin rikoda, suka zauna kan kwali suna saurare. Mai gabatarwa ya yi maraba da masu kira. Wata ta ce tana gaida mijinta. Wani ya ce shi bai kira don katun ba, rami ne a layinsu. Sannan wata murya mai kauri ta shigo, a bayanta ana jin keken ɗinki yana tafiya.

"Malam mai gabatarwa, ni da kake ji na yi aiki da kamfanin. Na san sirrin kwaɗon nan ciki da bai. Surukar mai zanen ce! Ka dubi bakin, ka dubi lemar..."

Daga can nesa, muryar wata tsohuwa ta ratso: "Wai wa ya ɗauke min lemata?"

Anti ta miƙe tsaye a hankali.

"Lafiya?" in ji Makulli.

"Kawuna ne."

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne, tela, shagonsa na kan kwanar da masu gyaran babur suke. Ta same shi da tef ɗin awo a wuya da allurai a baki, yana yanka wando. Bayan sun gaisa, ya tambayi Likita da yara, ta tambayi jiki da kasuwa, sai ta ajiye rikodar a kan teburin yanka ta danna.

Kawu ya saurara yana gyaɗa kai. Fuskarsa ta washe.

"Kai, murya ke nan! A lokacin ban fara shan maganin hawan jini ba."

"Kawu, wane kamfani ka yi wa aiki?"

"Kamfanin mana."

"Na masu katun?"

"Na masu talabijin. Shagon nan da ke sayar da su a bakin babban titi. Ni nake ɗinka musu rigar da ake lulluɓe talabijin da ita, mai leshi a baki. Duk talabijin ɗin da kwaɗon nan ya fito a cikinta a unguwarmu, rigata ce a kanta. In wannan ba aiki da kamfani ba ne, mene ne?"

Anti ta ja kujera ta zauna. "To labarin surukar fa? A ina ka ji?"

Ya cire alluran daga baki, ya duba ƙofa, ya rage murya. "A lokacin Inna, uwar matata, ta zo mana ziyarar mako guda, ta shekara. Kin san ta da lema. Da ita take buga ƙofa, da ita take nuna min inda ban share ba. Ran nan ina ɗinki, rediyo na hirar kwaɗo, na ɗaga kai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, baki har kunne tana faɗa. Sai abin ya zo min. Na ɗauki waya."

"Wato ƙirƙira ka yi."

"Da farko haka na zata." Ya lalubo wayarsa daga ƙarƙashin yadi, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya yi ta dangwala har ya buɗo babban shafin nan. Ya miƙa mata da alfahari. "Amma duba nan. Ashe gaskiya na faɗa ban sani ba. Ga shi masana sun rubuta."

"Kawu, daga wurinka suka samo."

"To ai shi ne! Sun ji, sun bincika, sun tabbatar."

"Ba su bincika komai ba. Wani ɗalibi ne ya ji ka a rediyo ya rubuta, mujalla ta kwafa daga ɗalibin, wasu suka kwafa daga mujallar, har ya iso nan. Duk duniyar nan, in an bi zancen, a wannan keken ɗinkin yake ƙarewa."

Kawu ya dubi keken da wani sabon mutunci, har ya ɗan share masa ƙura da hannun riga. "'Yar nan, ke kina ganin mutanen da suka iya haɗa intanet, tela ne zai ruɗe su? Akwai ma wani yaro mai gemu da ya yi bayani a bidiyo. Kin ga littattafan da ke bayansa kuwa?"

"To ƙasa mai sanyin fa? Kai ka faɗa?"

"Ni ban ce ba. Kin ga wannan su suka gano da kansu." Ya ɗaga yatsa. "Da maganar lemo. Ni ban san tana son lemo ba sai da na karanta, kuma wallahi Inna tana son lemo. Wannan fa, me za ki ce?"

Anti ta buɗe baki za ta yi bayanin kuskuren rubutu, sai ta ga Kawu ya daskare yana kallon bayanta. Matarsa ce tsaye a ƙofar shago, riƙe da kular abinci. Ba a san tun yaushe take wurin ba.

"Sannu da zuwa, 'yata," ta ce wa Anti cikin fara'a. Sannan ta juya ga mijinta, fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila. "Malam, uwata ce kwaɗon?"

"Ba ni na ce ba," in ji Kawu. "Intanet ce."

Ta ajiye kular a kan wandon da yake yankawa, ta sake ɗauka, ta fita da ita.

Anti ta bi ta har gida tana ba da haƙuri, tana jin kamar ita ta kunna wutar. A tsakar gida suka tarar da Inna, wadda tsufa ya rage mata tsawo amma bai taɓa muryarta ba, zaune a inuwa da lema a kan cinya. 'Yarta ta zayyana mata komai, tana huci. Inna ta sa aka maimaita mata, don kunne ɗaya ya yi ritaya. Sannan ta nemi a nuna mata hoton kwaɗon. Anti ta miƙa mata waya.

Tsohuwar ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake kusantowa.

"Duk duniya ake kallon wannan?"

"Ana kallo a da, Inna."

"Kuma an ce ni ce?"

"An ce surukar mai zanen ce. Amma ba gaskiya ba ne, Kawu ne ya..."

"Ya iya riƙon lema," in ji Inna. "Ba kamar 'yan yanzu ba." Ta miƙa wayar, ta gyara zama. "A gaya wa maƙwabta."

Ko da Anti ta koma ofis ta ba Manaja rahoto, sai ya kama kai.

"Wato ba suruka?"

"Akwai suruka, yallaɓai, amma ta kawuna ce."

"Mai zanen fa?"

"Ban san shi ba. Injin Makulli ya cinye sunansa, in ma akwai."

"Ƙasar?"

"Ban sani ba."

"Launinsa dai?"

"Shi ma ban sani ba."

"Anti, mako guda kina bincike, kin dawo kin san ƙasa da abin da kika tafi da shi! Ki ba da labarin surukar kawai, kowa na so."

"Kai ka ce mai hujja, yallaɓai."

Manaja ya miƙe. Ya ce ta yi yadda ta ga dama, ya shige banɗaki.

Kafin ranar shirin, Anti ta ce bari ta gyara babban shafin, tunda kowa na iya rubutu a ciki. Ta goge labarin surukar, ta rubuta cewa wani tela ne ya ƙirƙira don tsokanar uwar matarsa. Ba a jima ba wani mai kula da shafin ya mayar da labarin yadda yake, ya bar mata saƙo cikin ladabi: an cire gyaranta saboda ba ta kawo madogara ba. Ta rubuta masa cewa telan kawunta ne, da kunnenta ta ji. Ya amsa cewa kawu ba madogara ba ne, sai abin da aka buga ko aka watsa. Ta ce to ai labarin da suke karewa ma daga bakin kawun ya fito. Ya ce e, amma shi an watsa.

Ranar Asabar ta shiga situdiyo ta faɗi gaskiya tsirararta. Ta ba yara labarin kwaɗon da ke tsoron ruwa, ta kwaikwayi kukansa har mai kula da sauti ya cire abin kunne. Sannan ta ba iyaye labarin leda mai launi, da kaset ɗin da ya koma ruwan hoda, da lemar da ta zama lemo, da yadda magana ta tashi daga shagon tela ta zaga duniya ta dawo wayar telan. Ta sa muryar Kawu, da izininsa, don ya ce in dai za a ambaci kwanar da shagon yake bai damu ba. Ta rufe da cewa abin da ta tabbatar kaɗan ne: akwai kwaɗo, akwai lema, kuma kalmar ƙarshe ta katun ɗin ita ce "Ƙarshe".

Da aka buɗe layi, waya ta ƙi yin shiru. Wata ta rantse kwaɗon ja ne, aka bincika aka gano tasu ledar ja ce. Wani ya ce ba kwaɗo ba ne ma, kunkuru ne, mahaifinsa ya gaya masa. Wani dattijo ya ce shi ya san mai zanen, sun yi makaranta tare. Anti ta tambaye shi wace makaranta, sai layin ya katse. Likita ma ya kira daga asibiti, ya sauya murya, ya ce shi dai wani bawan Allah ne da ke ganin a ƙara bincike kan batun shuɗi. Ta ce masa ya taho da burodi in zai dawo.

Bayan 'yan kwanaki ta sake buɗe babban shafin. An gyara. Labarin surukar ya koma ƙarƙashin wani sashe na jita-jita, kuma an kafa hujja da shirinta, tunda yanzu an watsa. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta kira Makulli ya hau bene ya gani. Sai da ta karanta layin ƙasa ta ga yadda aka gabatar da ita. Wanda ya yi gyaran bai saurari shirin duka ba. Ya rubuta: "in ji wata fitacciyar masaniyar kwaɗi."

Ta rubuta wa mai kula da shafin cewa ita ba masaniyar kwaɗi ba ce, filin yara take shiryawa. Ya tambaye ta madogara.

Da azahar wayar ofis ta yi ƙara. Wani mutum ne, murya a gajiye.

"Don Allah da masaniyar kwaɗin nake magana?"

"Malam, kuskure ne aka yi. Ni ba..."

"Taimaka min, baiwar Allah. Sun cika min banɗaki. Matata ta ce ba za ta sake shiga ba. Na kira mutane da yawa, kowa ya ce ke ce a intanet."

Anti ta dubi silin, ta sauke ajiyar zuciya. Ta tambaye shi ko akwai rami a bayan bututun ruwa. Ya ce bari ya duba. Ta ji takunsa, ta ji ƙarar ƙofa, ta ji ya yi ihu, wani abu ya faɗa cikin bokiti. Ya dawo yana haki ya ce akwai, har da wani ƙato a bakin ramin yana kallonsa.

"To ka toshe da siminti, ka daina barin ruwa a ƙasa."

"Allah ya ƙara ilimi, Dakta," in ji mutumin. "Zan ba ƙanena lambarki. Shi ƙadangaru ne."